Dokar Shafin Farko

Shekara ashirin da bakwai ta yi a laburaren unguwa, amma da wuya ka sami wanda ya san sunanta na gaskiya. Anti Hatimi yara ke ce mata, iyayensu ma suka ɗauka, har da masu furfura da suka girme ta. Sunan ya fito ne daga hatimin kwanan wata da take bugawa a katin aron littafi, ɗan ƙaramin abu mai mariƙin katako wanda tafin hannunta ya goge har ya yi sheƙi. In ta buga shi a kan tebur, mai gadi ma a bakin ƙofa sai ya ji.

Da tsintsiya ta fara. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda da takardar gama sakandare a ƙasan akwati, aka taimaka aka ɗauke ta shara da goge kantoci. A lokacin, ɗakin da ake kira ɗakin yara ba komai a cikinsa sai karyayyun kujeru da kwalayen littattafai masu hotuna waɗanda ba a ko buɗe ba. Ta share shi don shara ce aikinta, ta buɗe kwali ɗaya don ta ga abin da ɓera ya bari, sai ga ta zaune a ƙasa tana karatu har aka tashi daga aiki. Kashegari ta sami shugaban laburaren ta ce a ba ta ɗakin. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "In kin ga za ki iya da hayaniyarsu, ga ki ga su. Amma shara tana nan a kanki." Shekara huɗu ta yi tana haɗa biyun kafin a karɓi tsintsiyar.

Ta sa kafinta ya rage wa kantoci tsawo don hannun ɗan shekara biyar ya kai. Ta samo darduma, ta samo dogon benci ta ajiye ƙarƙashin taga. Fankar ɗakin tun da aka kafa ta take kuka, har yara suka saba. Ta san yaron da ke son motoci, da wadda ke son dabbobi, da wanda ba ya son komai sai dai a kula shi. In uwa ta shigo tana jan kunnen ɗanta don ya yaga shafi, sai Anti Hatimi ta jawo kwalbar gam ta ce, "Sake shi, baiwar Allah. Wanda ya yage ai shi aka karanta. Leƙa na manya can ki gani, sabbi fil, ko ƙuda bai sauka a kansu ba." Iyaye da yawa a bakinta suka fara jin cewa katin kyauta ne, don tsoron ginin suke yi, gani suke sai mai takalmi sau-ciki ake bari ya shiga.

Tana da doka guda wadda ba a rubuta ko'ina ba, ita ta ƙirƙiro abarta. Ta lura littattafan da yara ke ara suna dawowa ne yadda suka tafi, wani ma da shatin gindin kofi a bangonsa, ka san amfanin da aka yi da shi a gida ke nan. Sai ta ce daga yau yaro ya karanta abin da ya ga dama a cikin ɗakin nan, amma ranar da zai fara fita da littafi sai ya zo da uwa ko uba, su zauna a bencin taga, babban ya karanta wa ƙaramin shafin farko da murya. Shafi ɗaya tak. In an gama ta buga hatimi.

Dokar ta yi aiki, wannan ba abin musu ba ne. Tela ya zo yana mita da tef a wuya, wai an taso shi daga kan keke, ya zauna don shafi ɗaya, sai da ya kai ƙarshen littafin yana tambayar ko akwai na biyu. Wata nas ta mayar da zuwa duk Asabar wajibi. Direban bas ya koyi sauya murya, in ya zo kan kura ya yi ta kura, har 'ya'yan wasu su kewaye shi. In kana so ka wuni a tsaye, ka tambayi Anti Hatimi labarin dokar nan, za ta lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ba ta taɓa lissafawa ba su ne yaran da ta ce wa "je ka zo da babanka" suka tafi ba su sake dawowa ba. Ba mugunta ba ce. Ba ta dai taɓa tambayar kanta dalili ba.

Saura wata bakwai ta yi ritaya ta koma wurin ɗanta a wani gari mai nisa, wata yarinya ta fara zuwa. Siririya, shekararta takwas, kayan makarantarta sun yi mata yawa. Ana tashi daga makaranta za ta shigo ta gaida Anti, ta ɗauki littafi, ta zauna a ƙasa inda hasken taga ke sauka, yatsa a kan layi, baki na motsi. Ba ta wasa da kowa, ba ta tashi sai an ce za a rufe. Anti Hatimi ta sa mata suna 'Yar Taga, kuma a ranta ta ce ga irin yaran da aka yi ɗakin dominsu.

Akwai wani littafi na wata agwagwa da ɗanta ya ɓata, yarinyar ta karanta shi ya fi sau goma. Ranar nan da aka zo rufewa sai ta tsaya a gaban tebur rungume da shi.

"Anti, in tafi da shi gida? Gobe-gobe zan dawo da shi."

"Kin san doka. Ki zo da mamanki ranar Asabar."

"Mamata ta rasu."

Anti Hatimi ta ce Allah ya ji ƙanta, ta shafa kan yarinyar. A nan ya kamata ta buga hatimin ta sallame ta. Amma wanda ya shekara ashirin yana ganin dokarsa na haifar da alheri, ba ya hango inda za ta cutar.

"To babanki fa?"

Fuskar yarinyar ta washe. "Babana ya iya karatu sosai. Kullum shi ke duba min aikin makaranta."

"To faɗuwa ta zo daidai da zama. Ki kawo shi."

Ranar Asabar da hantsi ya zo. Dogon mutum, mai walda ne, ya wanke hannu har ya gaji amma baƙin ƙarfe bai fita daga ƙarƙashin farcensa ba, bayan hannun duk tabon tartsatsi. Rigarsa ta sha guga. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗari-ɗari, 'yar na jan hannunsa. A tunaninsa sa hannu kawai zai yi, don har ya zaro biro daga aljihu. Bencin taga a cike yake ranar, ga nas, ga matar tela, ga wasu mata biyu da 'ya'yansu, suka matsa suka ba shi wuri.

"Malam, mayar da bironka," in ji Anti Hatimi tana murmushi. "Mu nan ba sa hannu muke so ba, murya muke so. Shafi ɗaya za ka karanta wa 'yarka, shi ke nan."

Ya dubi littafin, ya dubi ƙofa, ya shafa aljihu.

"Wallahi Malama na baro tabarau a shago. Idon mai walda kin san sai a hankali. A bari sai wata Asabar ɗin."

Wannan uzurin ta sha jin sa daga malalatan iyaye, tana da maganinsa a shirye, kuma duk lokacin da ta yi shi sai an yi dariya. Ta cire nata tabarau ta miƙa masa.

"Ga nawa. Ba a guje wa Anti Hatimi da wannan, tela ma haka ya ce."

Matan suka yi dariya, yarinyar ma ta yi. Bai da hanyar fita. Ya zauna, ya sa tabaran mata a fuskarsa, 'yar ta jingina da kafaɗarsa ta buɗe masa shafin. Hoton agwagwa ne da 'ya'yanta a bakin ruwa, da layi uku a ƙasa. Ya gyara murya.

"Wata rana agwagwa ta kwashi 'ya'yanta ta kai su wanka a rafi..."

Muryarsa mai daɗi ce, ba gargada. Da ba wanda ya san littafin, da ya sha.

"Baba, ba nan ba ne, ka tsallake. Daga nan za ka fara." Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko.

Ya ƙura wa yatsan ido. "To, Uwata. Wata rana agwagwa..."

"Da gari ya waye, Baba. Da gari ya waye aka rubuta."

"Da gari ya waye," ya maimaita. Ya tsaya yana jiran ta ba shi ta gaba.

Yarinyar ta ɗago kai ta dube shi. Anti Hatimi tana tsaye a gabansu, a kan idonta yarinyar ta gane ubanta bai iya karatu ba, kuma har ta koma ga Allah ba za ta manta da fuskar nan ba. Babu wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Nas ta sunkuya tana binciken jakarta, matar tela ta kama yi wa ɗanta faɗan laifin da bai yi ba.

Mai walda ya cire tabaran, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na gode, Malama. Ba su yi min daidai ba."

"Ai ya isa, an karanta," ta ce da sauri, tana laluben hatimi. "Kawo katin in buga."

Yarinyar ta rufe littafin, ta mayar da shi kan kanta daidai inda yake, ta dawo ta kama hannun ubanta.

"Na fasa," ta ce. "Baba, mu tafi."

Garin gyaran gira Anti Hatimi ta tsone ido. Litinin yarinyar ba ta zo ba, Talata ma haka. Da aka yi mako guda, Anti Hatimi ta tambayi mai gadi inda shagon yake, ta ɗauki jakarta ta tafi a ƙasa. Rumfar kwano ce a bakin titi, ƙofofin ƙarfe da tagogi a jingine, janareta na ruri a gefe. Da ya hango ta sai ya kashe inji, ya tura baƙin gilashinsa kan goshi, ya kakkaɓe mata benci.

"Na zo ba da haƙuri ne, Malam."

"Haba Malama, me kika yi? Aikinki kika yi."

"Ban yi ba. Da na yi aikina da na gane."

Ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana juyawa a hannu.

"Uwarta ce mai karatun. Da ta rasu yarinyar na shekara huɗu. Da ta shiga makaranta ta fara kawo min littafi in duba, me zan ce mata? Sai in karɓa in buɗe. Jan biro na san shi, na san alamar da malami ke yi in an ci da wadda yake yi in an faɗi. Lamba ma na sani, tef ɗin awo ya koya min. Sauran sai in ce, karanta min in ji ko kin iya. Shekara uku muna haka."

"Zan koya maka. Daga ni sai kai, babu mai ji."

Ya yi ɗan murmushi.

"Rashin karatun bai dame ni ba, Malama, shekara arba'in ina cin abinci ba tare da shi ba. Abin da ya dame ni, tun ranar ba ta sake kawo min littafin makaranta ba. Sai ta shige ɗaki ta yi aikinta ita kaɗai, ta fito ta ce yau ba a ba su aiki ba. Yarinyar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba sai yanzu, kuma domina take yi."

Da kuka ta dawo, mace mai shekara sittin, a tsakiyar titi da rana tsaka, ba ta ko damu da masu kallo ba. Ranar ta kashe dokar. Ta gaya wa yara, ta gaya wa mai gadi, ta ce a gaya wa kowa: duk mai son littafi ya zo ya ɗauka. Iyaye in sun zo su zauna tare da 'ya'yansu, wanda ya iya ya karanta wa ɗayan, in babu su kalli hoto su yi hira. Ba a yi wata ba sai ga fuskokin da ba ta taɓa gani ba, mai wanki da 'yan biyunta, mai sayar da gawayi, wata tsohuwa da jikoki uku. Ya kamata ta yi murna. Amma duk sabuwar fuska sai ta ji kamar an soke ta, don ta gane mutanen nan shekara ashirin suna bakin ƙofa, ita ce ta tare.

Wadda take jira kuwa ba ta zo ba. Ta aika 'yar ajinsu da saƙo, shiru. Ta aika da littafin agwagwar kansa, aka dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Sau biyu ta hango ta a hanya, sau biyun yarinyar na tsallaka titi. Watanni suka yi ta tafiya, ɗanta na bugo waya yana tambayar kayan da za a fara ɗauka, ita kuwa abu ɗaya ne a ranta: kada ta bar ɗakin nan yarinyar ba ta dawo cikinsa ba.

Saura kwana goma sha biyu, da tsakar rana yara na makaranta, ɗakin ba kowa, ta ji sallama. Mai walda ne da kayan aikinsa.

"Malama, littafin agwagwar nan yana nan?"

"Yana nan."

"Karanta min shafin farkon. A hankali, ki yi ta maimaitawa."

Ta gane abin da yake nufi, zuciyarta ta karye.

"Malam, bari in fara maka daga baƙaƙe. In ka dage, wata uku..."

"Ke kwana nawa ya rage miki a nan? Mai gadi ya gaya min. Ni kuma idon nan kullum baya yake yi. Ba karatu na zo koya ba. So nake ta sake zama kusa da ni da littafi, ko sau ɗaya ne."

Suka zauna a bencin. Ta karanta masa: da gari ya waye, agwagwa ta ƙirga 'ya'yanta, jiya shida ne, yau biyar, ta ce wa sauran su zauna, ta fita nema. Ya maimaita. Ta sake, ya sake. Ya ce ta nuna masa inda yatsa zai tsaya a kan kowace kalma, ya riƙa auna tazarar da ido kamar zai yanka ƙarfe. Kwana uku yana rufe shago da rana yana zuwa. A na ukun ya kai ƙarshe ba tuntuɓe, baki da yatsa suna tafiya tare. Ta buga masa hatimi, ya naɗe littafin a cikin tsabtataccen ƙyalle don kada hannunsa ya ɓata shi.

Ranar ƙarshe abokan aiki suka taru da safe, aka yi jawabai, aka yabe ta, har shugaban laburaren na yanzu ya ambaci dokar shafin farko a cikin abubuwan alherinta, ita dai kanta na ƙasa. Da la'asar tana kwashe tarkacenta daga aljihun tebur, sai ta ji an ajiye abu a gabanta. Littafin agwagwa ne. Yarinyar na tsaye da kayan makaranta, ta ƙara tsawo.

"Na dawo da shi, Anti."

"'Yar Taga." Anti Hatimi ta miƙe tsaye. "Yaya kuka yi da shi?"

"Baba ya karanta min." Ta tsare ta da ido. "Duka ya karanta min."

Littafin shafi ashirin da huɗu ne. Anti Hatimi ta san guda nawa mutumin ya haddace, yarinyar kuma ta san ta sani.

"Duka," in ji Anti Hatimi. "Madalla."

Sai a lokacin kafaɗun yarinyar suka sauka.

"Na farkon daidai yake da na littafi. Sauran nasa ne. A nasa ba a kasuwa aka tsinci ɗan agwagwar ba, shi ya dawo gida da kansa. Ban gyara masa ba."

"Kin kyauta, 'yata. Je ki zaɓi wani. Babu doka yanzu. Ɗauki biyu, ɗauki uku, har ƙarfe biyar ni ce mai hatimi."

Yarinyar ta juya ta kalli kantocin. Ta daɗe tana kallo, daga wannan bango zuwa wancan, kallon mai yunwa a gaban abinci. Sannan ta sa hannu a aljihu ta zaro katin, ta ɗora a kan littafin.

"A'a, Anti. In na kai wani, sai ya sake rufe shago ya zo ya haddace. Kwana uku ina jin sa yana maimaitawa a bayan ɗaki, ya ɗauka ba na ji."

"To ki riƙa zuwa nan ki karanta kamar da. Wadda za ta gaje ni mutuniyar kirki ce, na gaya mata labarinki."

Yarinyar ta girgiza kai.

"In na zo, zai san ina so."

Yarinyar ta ɗan rissina ta ce Allah ya kiyaye hanya. A kusa da ƙofa ta tsaya, ta gyara wani littafi da ya karkace a kan kanta, sannan ta fita.